Shekarar da Na Cire Gishiri

Ummi, ke ce kika taɓa faɗa wa ƙannenki a gabana, kina dariya, wai bakin Mama ne ya raba Baba da aikin kamfani. Ban ce komai ba ranar, don muna da baƙi. Amma maganar ta zauna mini, kun kuwa san halina, abu in ya zauna mini ba ya tashi da kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda shekarar nan ta tafi tun ina iya tunawa. Karatuna bai wuce firamare ba. In kun ga kuskuren harafi ku gyara, amma kada ku gyara mini labarin.

A lokacin muna Kudenda, nan Kaduna, a gidan haya mai ɗakuna a jere, ƙofarmu tana kallon ta Maman Pam. Su mutanen Filato ne, Kirista, kuma mun daɗe tare har ba na iya tuna wanda ya riga wani shiga gidan. Mijinta, Baban Pam, sashe ɗaya suke da babanku a kamfanin da ke yin buhuna, wajen lodi. Tare suke fita da safe, kowa da kular abincinsa a hannu, tare suke dawowa. Babanku in ya dawo jikinsa na ciwo, sai ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyi a ƙulla a leda, ya watsa su gaba ɗaya. Haɗi suke ce masa. Duk mazan layin haka suke yi, ban taɓa ɗauka wani abu ba ne.

Takalmin aikinsa na fara lura da shi. Mutumin da yake ɗaure igiya tamau ya koma barinta a sake. Da na danna ƙaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar tuwon da bai huce ba, ya daɗe bai ciko ba. Na danna nawa, ya ciko nan take. Na danna naki, Ummi, kina cin abinci, kika ce Mama lafiya? Daga nan sai kumfa. In ya fito daga bayi da safe ina ganin kumfa a bakin magudana kamar an zuba garin sabulu, kuma ba ta saurin mutuwa. Allah Ya yafe mini, har na riƙa leƙawa bayan sauran mazan gidan sun fito, don in gane ko haka na kowa yake. Ba haka na kowa yake ba.

"Malam, ƙafarka ta kumbura."

"Tsayuwa ce. Ke ma in kika wuni kina ɗaga buhu, taki sai ta fi haka."

"Kumfar fa?"

"Wace kumfa?"

Na gaya masa. Ya ajiye kofin shayi ya dube ni.

"Hajara, yanzu har fitsarina kike bi?"

Na bi shi da magana safe da yamma har ya gaji ya ce mu je, don dai ya huta da ni. Likita ya auna jininsa, ya sake aunawa, ya tura mu wani ɗakin gwaji a Narayi. A can na haɗu da Rifkatu, wata yarinya 'yar Kudancin Kaduna mai farin gilashi, ita ke ɗibar jini. Ni ban iya ganin abu in yi shiru ba. Tana cika 'yar kwalba ina tsaye a kanta.

"'Yata, me kuke nema a cikin jinin nan?"

"Mama, akwai wani datti da jiki ke yi kullum. Ƙoda ce ke tace shi ta fitar a fitsari. In ta gaji sai ya taru a jini. Shi muke aunawa."

"A fitsarin kuma fa?"

"Abin da bai kamata ya fita ba. Kin san rariya? In ta yage, ai tsaki ma wucewa yake ya bi gari. Wannan kumfar da kika gani, abin da ya kamata ya tsaya a jiki ne yake zuba."

Babanku ya ce, "Yi haƙuri da ita, haka take. Ko mai gyaran rediyo sai ya yi mata bayani."

Da sakamako ya fito, likita bai ɓoye mana ba. Ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a kula da shi ba, ga haɗin kemis a kai. Ƙodar ba ta mutu ba, amma ta gaji, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Aikinmu shi ne mu hana ta ƙara lalacewa. In lambar dattin nan ta ci gaba da hawa, ƙarshenta na'urar wankin ƙoda ce, kuma ni na san wata mata a Tudun Wada da aka sayar da gida a kan wannan na'ura, duk da haka ba ta kai damina ba. Ya rubuta maganin hawan jini. Ya ce a daina haɗi gaba ɗaya, a guji jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, ya riƙa shan ruwa daidai kada ya wuni da ƙishi a wurin aiki, a rage nama, gishiri kuwa da dunƙule da kanwa a janye hannu sosai. Bayan 'yan watanni mu dawo a sake gwaji.

Muna tsaye a bakin titi muna jiran keke babanku ya juyo.

"Ba wanda zai ji maganar nan. Kamfani na shirin rage mutane, kuma mara lafiya ake fara cirewa. Ki rantse."

"Ko Maman Pam?"

"Musamman ita. Ki rantse, Hajara."

Na rantse da Allah. Ni kuma rantsuwa ba wasa ba ce a wurina. Tun ina yarinya ko alkawarin aron allura na yi, sai na cika nake samun natsuwa.

Washegari na tafi wurin mahaucinmu na ce ya ba ni ƙodar rago, ya tsaga mini ita biyu. Ina so in ga abin da muke yi wa hidima. Siffarta kamar ƙwayar wake, ba ta cika tafin hannu ba. A ciki bayanta ja ne sosai, tsakiya kuma fari-fari, da wasu siraran layuka duk sun nufi wani ɗan rami, kamar yadda kwatocin unguwa ke gangarawa kogi. Na ɗaga ta wajen haske ina neman ramukan rariyar da Rifkatu ta faɗa, ban gansu ba. Na yi ta mamaki. Ɗan wannan abin ne yake aiki tun ranar da aka haifi mutum, ba hutu, ba Lahadi, ba Juma'a, mu kuwa muna ta zuba masa abin da muka ga dama?

Mahaucin ya ce, "Hajiya, ci za ki yi ko karatu? Mutane na jira."

Na saye ta dai, don kunya. Har na yi tunanin ko in riƙa dafa wa babanku ƙoda ta ƙara wa tasa ƙarfi, amma na ce bari in tambaya tukuna. Da na tambayi Rifkatu, ta yi dariya har ta cire gilashi, ta ce in haka ne da masu cin ƙwaƙwalwar saniya sun gama zama farfesa.

Daga nan kicin ɗina ya zama wurin gwaji shi ma. Na ware wa babanku 'yar tukunya. Ranar farko miyar kuka ba gishiri ba dunƙule, na ɗanɗana na ji kamar ruwan wanke kwano. Sai na shiga bincike. Na gane albasa in aka soya ta a hankali har ta yi ja tana ba da zaƙi. Na gane daddawa da citta da tafarnuwa da ɗan masoro suna rufe ramin da dunƙule ya bari, ko da ba duka ba. Lemon tsami a ƙarshe yana tayar da miya. Wake kuwa, maimakon kanwa, jiƙa shi nake tun da yamma, ya nuna don kansa. Busasshen kifi sai na jiƙa na zubar da ruwan, na sake jiƙawa. Ciwon jiki kuma na koma gasa masa da ruwan zafi da tawul, yana mita yana miƙo ɗayar kafaɗar. Kullum da safe in cika masa kula da jarkar ruwa, kullum da yamma kular ta dawo tas, ko ƙwayar shinkafa babu. Ina wankewa ina jin daɗi, ina cewa ashe mutumin nan ya saba.

Da muka koma gwaji na biyu, na shiga da ƙarfin gwiwa. Sai likita ya ce lambar ta ɗan hau, jinin ma bai sauka yadda yake so ba. Ya tambayi babanku ko yana shan magani, ya ce yana sha. Haɗi fa? Ya daina. Sai ya dube ni.

"Gishiri fa, Mama?"

Na ji kamar an mare ni. Na ce, "Likita, ko ƙwaya ba ta shiga tukunyarsa."

"To daga wani wuri yake shiga."

Na dawo gida na zama kamar mai neman kuɗin da ya faɗi a yashi. Na ɗanɗana ruwan rijiyar gidan ko shi ne mai gishiri. Na karanta bayan ledar burodi da ƙyar, harafi-harafi. Na shinshina rigarsa ko zan ji ƙamshin tsire. Na tambaye shi, ya ce shi bai sayi komai a waje ba, kuma na san babanku ba ya ƙarya. Ban sani ba ashe tambayar ce ban iya ba.

Amsar ta same ni a bakin famfo, ina wanki. Maman Pam ta ajiye bokitinta kusa da nawa, tana wannan murmushin nata na tsokana.

"Maman Ummi, abeg, in tambaye ki. Gishiri ya yi tsada ne a gefenku?"

Na ce, "Me kika gani?"

"Ba ni ba, Baban Pam. Ya ce watannin nan abincinki kamar an wanke shi kafin a zuba a kula. Ya ce tausayin Malam Idi yake ji, shi ya sa in sun juye a tire yake juya masa gefen nawa, shi ya daure ya cinye naki. Ni kuma na ce haba, bawan Allah na aikin ƙarfi, sai na ƙara hannu a dunƙule don ya samu ya ci abin kirki. In wani abu ne ki faɗa, ina da gishiri rabin mudu."

Na tsaya da rigar makarantarki a hannu, ruwa na zuba. Na san tare suke cin abinci, amma a raina kowa da kularsa a cinya. Ashe a wajen lodi ba haka ake yi ba. In an tashi burek, abokan ci juye kulolinsu suke a faffaɗan tire guda, su sa hannu tare. Watanni ina soya albasa a hankali, ina jiƙa kifi, ina matsa lemo, ashe ƙodar Baban Pam nake yi wa hidima. Na yi dariyar dole na ce mantuwa ce ta tsufa. Maman Pam ta ce in tsufa ne to ya zo da wuri.

Bayan magariba na sami babanku a ɗaki na gaya masa abin da na ji. Bai musa ba.

"Kin tambaye ni ko na sayi abu a waje. Ban saya ba."

"To daga gobe ka ci naka a kularka."

"Hajara, kin san me kike faɗa? Shekara nawa muna sa hannu a tire ɗaya da mutumin nan? Lokacin da gari ya rikice, kowa ya ja nasa ya koma gefe, ni da shi ba mu raba tire ba. Matarsa tukunya daban ta ajiye saboda ni. Nama wurin mahaucinmu take saya, ko ya fi tsada. Yau in ja kulata gefe ba dalili, me zai ɗauka? Cewa zai yi Idi ya fara ƙyamar abincin Kirista. Duk wajen lodi haka za su ce."

"To ka gaya masa dalilin."

"In ya ji, kamfani ya ji. Ba don mugunta ba. Baban Pam bai iya ganin mutum cikin wahala ya kau da kai ba. Zai fara ƙwace mini buhu a hannu, kowa ya gani."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kwanaki ina juya maganar. In na yi shiru, kullum da rana yana cin abin da ke kai shi ga na'ura, kuma da hannun mutanen da ke ƙaunarsa. In na yi magana, na karya rantsuwa, kuma wataƙila na karya masa aiki. Na yi tunanin in riƙa dafa wa Baban Pam ma, in ce Maman Pam ta huta, amma wace mace ce za ta yarda maƙwabciya ta karɓe mata kular miji? Na yi tunanin in ce mata likita ne ya hana ni gishiri, amma ƙarya ce, kuma ba za ta hana ta sa nata ba. A ƙarshe na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ban kama suna ba. Ta ce wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga riƙe rantsuwar cutarwa ce, ya warware ya yi kaffara. Na sake tambaya ta wata fuskar, ko amsar za ta canza. Ba ta canza ba.

Abu ɗaya na ƙudura, ba zan yi a bayan idonsa ba. Da safe ina miƙa masa kula na ce,

"Malam, yau zan gaya wa Maman Pam."

"Kin rantse."

"Na sani. Zan yi kaffara."

"Aikin fa? Kaffara za mu ci?"

Ya dubi kular, ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya fita hannu sake. Ina jin Baban Pam yana tambayarsa ina abincin.

Na sami Maman Pam tana tsince acca. Na gaya mata komai, tun daga takalmi. Ta ajiye faifan, ta zauna a kan turmi.

"Yesu! Ni ina nan ina ƙara dunƙule, ina cewa alheri nake yi?"

"Ba laifinki ba ne."

"Na san ba laifina ba ne, naki ne! Ƙofa da ƙofa, Hajara! In da mutumin nan ya faɗi, da wane ido zan dubi 'ya'yanki?"

Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ranar. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta share ido da bakin zane, sannan ta miƙe.

"Oya, tashi ki nuna mini wannan tukunyar taki mara daɗi."

Gaskiya ta fi ni iya girki. Cikin kwanaki ta gano yadda za ta yi gwaten acca da yakuwa da gauta ba kanwa, gishiri ɗan taɓawa kawai, ya fito da daɗin da ban taɓa kaiwa ba. Baban Pam ya yi ta mita cewa an sa shi azumin da ba na cocinsu ba, amma ya ci. Tiren bai rabu ba.

Sai dai abin da babanku ya faɗa, shi ya faru. Baban Pam ya fara tare manyan buhuna, yana tura shi wajen ƙirga. Ya gaya wa mutum biyu don su taya shi, su kuma suka gaya wa wasu. Sufabaiza ya lura. Da aka zo rage ma'aikata kafin ƙarshen shekara, babanku na cikin waɗanda aka sallama. To kin ji inda maganarki take da gaskiya, Ummi. A shekarar ne aka cire ki daga makarantar kuɗi, na san ba ki manta ba, ni ma ban manta ba. Babanku ya kafa ɗan tebur a bakin get ɗin kamfanin yana sayar da sabulu da batir da ruwan leda ga mutanen da da yake aiki tare da su. In an tashi burek Baban Pam ya fito da kularsa da tiren a hammata, su ci a bayan teburin. Ni kuwa babanku bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, amma ya daina kiran sunana. Magana sai ta dole. In za mu je wani wuri yana gaba ina baya, kamar ba tare muke ba. Kullum ina tambayar kaina, in aka sake gwaji aka ga lambar ta hau duk da haka fa? Ke nan na rasa masa aiki a banza.

Ranar gwaji na uku na koma gefe na zauna ana ɗibar jininsa. Rifkatu ta ce, "Mama, yau ba tambaya?" Na ce yau tambayar ta fi ƙarfin bakina. Da muka kai wa likita sakamakon ya daɗe yana dubawa, yana kwatanta shi da na baya.

"Ba ta hau ba."

Na ce, "Ta sauka ke nan?"

"Ba ta sauka sosai ba. Ta tsaya. Jinin ma ya daidaita, abin da ke zuba a fitsari ya ragu. Mama, a ciwon nan tsayawa ita muke nema. In kuka riƙe ta haka, kuna zuwa gwaji a kan lokaci, ba na ganin maganar na'ura yanzu. Baba, me ka canza?"

Babanku ya dubi ƙasa. Ya ce, "Abubuwa da yawa, likita."

Muka fito, yana gaba ina baya kamar kullum. Ina tafe ina lissafin tambayoyin da na manta ban yi ba, ko tsayawar nan tana da iyaka, ko azumi zai taɓa ta. Sai na ga ya tsaya a bakin titi. Keke ya zo ya wuce bai tsayar ba. Ya jira har na iso kusa da shi.

"Hajara."

"Na'am, Malam."

"Su Baban Pam tun safe suke jira su ji. Matar ko kasuwa ba ta je ba." Ya gyara hularsa, yana kallon titi. "In mun isa ke za ki gaya musu. Tunda ke ce mai faɗa."

Ban jira mun shiga ba. Tun daga ƙofar gida na fara ƙwala wa Maman Pam kira.